Wace bindiga ce ta dace da farautar ɓauna, kuma ko ɗura harsashi da hannu yana da amfani?

Ɗan Kasuwa, Gombe

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar bindigogin farauta, musamman manya waɗanda ake fuskantar ɓauna da su. Ina fataucin hatsi tsakanin Gombe da Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma wani abokin cinikina na can ya gayyace ni in bi shi ɗaya daga cikin yankunan farauta na haya da ke kewaye da gandun dajin Binuwai, inda hukuma ke ba da lasisin harbin dabbobin da aka ƙayyade adadinsu a lokacin rani. Burina shi ne ɓauna ɗaya da gwanki ɗaya. A gidan farauta na taso, mahaifina da bindigar toka ya yi zamaninsa, ni ma na saba da mai baki biyu ta harbin zabbin daji da fakara, amma ban taɓa ɗora babbar bindiga irin ta manyan namun daji a kafaɗata ba.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, na ga ana yawan ambaton .375 da .416 da .458, wato lambobin faɗin bakin bindiga a ma'aunin inci, shi kuwa abokina yana cewa gwargwadon faɗin bakin bindiga, gwargwadon kwanciyar hankalin mai ita, don haka in nemi .458 kawai. Shin haka abin yake? Na biyu, na lura mafarautan Amurka da yawa suna ɗura harsashinsu da hannu a gida, suna sayen kwanso daban, albarushi daban, kan harsashi daban, suna cewa ya fi na kamfani daidaito kuma ya fi arha. Ko ya dace in sayi kayan aikin in riƙa yin nawa a nan Gombe kafin lokacin tafiya? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Injiniya, Bauchi

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi aiki a kudancin Afirka, a can kuma na koyi wannan harka a hannun waɗanda sana'arsu ke nan, don haka zan faɗi ra'ayina kai tsaye: ka nemi .375 H&H Magnum, ka bar maganar .458 a yanzu.

Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da wannan harsashi a 1912, kuma har yau shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi a farautar Afirka. Faɗin kansa milimita 9.5 ne. Nauyin da aka fi harba wa ɓauna giram 19.4 ne, wanda a jikin kwali za ka ga an rubuta 300 a ma'aunin nauyi na grain, yana kuma barin bakin bindiga da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa ɗaya. Idan ka yi lissafi, ƙarfinsa ya kai wajen jul 5,700. Wannan lissafi yana da muhimmanci saboda ƙasashe da dama sun kafa iyaka a dokarsu. A Zimbabwe, alal misali, ba a yarda a harbi giwa ko ɓauna ko dorina da abin da bai kai faɗin milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300 ba, a Tanzaniya kuma .375 ne mafi ƙanƙantar abin da aka yarda da shi ga dabbobi masu haɗari. Ka ga ke nan .375 ya tsallake iyakar, amma bai yi mata nisan da zai zame wa mai harbi azaba ba.

Su manyan biyun da ka ambata, gaskiya ne sun fi shi duka. Harsashin .416 Rigby, wanda ya fito a 1911, yana jefa giram 26 da gudun wajen mita 730 a daƙiƙa, .458 Winchester Magnum na 1956 kuma yana jefa giram 32 da ɗoriya. Dukansu ƙarfinsu yana dab da jul 7,000. Sai dai duk ƙarfin da ya fita ta gaba, rabonsa yana komowa kafaɗarka ta baya. Shi kansa .375 shurinsa ya kusa ninka na bindigar farautar barewa irin .30-06, to ina ga .458. Abin da ke faruwa ga wanda bai saba ba shi ne, bayan harbi kaɗan jikinsa ya fara tsoron bindigar ba tare da ya sani ba, sai ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama kafin harsashi ya tashi. Wannan ɗabi'a idan ta kama mutum tana da wuyar saki, kuma ita ce ke mai da harbin ƙirji ya koma harbin ciki. Ɓaunar da aka sama a huhu da .375 ba za ta yi nisa ba, wadda aka sama a tumbi da .458 kuwa za ta shige ciyawa da ranta, ta jira masu bin sawu.

Akwai kuma dalilin da ya shafi tafiyarka musamman. Ka ce kana son gwanki. Ɓauna akan harbe ta daga kusa, mafi yawa ƙasa da mita 100, amma gwanki dabba ce mai wayo a fili, wani lokaci sai an harbe shi daga mita 150 ko fiye. Harsashin .375 yana tafiya a miƙe har wannan nisa, shi kuwa .458 nauyinsa da rashin gudunsa suna sa ya fara sunkuyawa da wuri. Bindiga ɗaya ke nan za ta yi maka aiki biyu. Ka ƙara da cewa ɓaunar da ke dazuzzukan arewacin Kamaru, wadda irinta ce muke da ita a Yankari, ba ta kai ta kudanci da gabashin Afirka girman jiki ba.

Wanda ya ga .375 ma ya yi masa nauyi, akwai 9.3x62 da wani maƙerin bindiga na Jamus, Otto Bock, ya ƙirƙiro a 1905 domin manoman da ke zaune a ƙasashen da Jamus ta mallaka a Afirka. Shurinsa ya fi sauƙi, ya kuma kashe ɓauna ba adadi, amma ƙarfinsa na kamfani bai kai na .375 ba, saboda haka sai an tambayi dokar ƙasar da za a je kafin a dogara da shi. Game da bindigar kanta, ka nemi mai nauyin kilo 4 zuwa 4.5, domin nauyi yana shanye shuri, mai tsarin Mauser 98 ko abin da aka gina a kansa, irin Winchester Model 70 ko CZ 550, waɗanda ke damƙe kwanso tun daga ɗaukarsa har fitar da shi. Madubin saiti ya zama mai ƙaramin ƙarfi, wanda za ka iya ganin dabba gaba ɗayanta a cikinsa ko da tana mita 20 daga gare ka.

Lauya, Gombe

Alhaji, kafin a yi nisa da zaɓen bindiga, ina roƙonka ka tsaya a kan tambayarka ta biyu, domin amsarta a Nijeriya ba ta da rassa. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ita ake aiki da ita, ta hana kowa ƙera ko harhaɗa bindiga ko harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da aka kafa domin rundunonin tsaro. Abin da Ba'amurke yake yi a ɗakinsa da izinin dokar ƙasarsa, idan ka yi shi a Gombe laifi ne mai ɗauri, kuma shigo da albarushi da kwanso da na'urar matsawa ta tashar jirgi ko ta kan iyaka wani laifin ne daban. Da halin tsaron da Arewa maso Gabas ta shiga tun 2009, ba na jin akwai jami'in da zai tarar da irin waɗannan kaya a gidan mutum ya tsaya sauraron bayanin farautar ɓauna.

Ita ma bindigar, dokar ta kasa makamai gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, a cikinsu har da bindigogin soja masu faɗin milimita 7.62 da inci .303. Akwai na amfanin kai, wato irin mai baki biyu da bindigogin farauta, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai kuma na ɗuri irin ta mahaifinka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke kula da su. Lasisin da kake da shi na mai baki biyu bai rufe wata bindiga ba, kowace da takardarta, kuma a 'yan shekarun nan samun sabon lasisi ya yi wuya ƙwarai. Ko ka samu, fita da ita zuwa Kamaru yana buƙatar izinin fitarwa daga nan da izinin shigarwa na wucin gadi daga can. Shawarata ita ce ka tambayi masu sansanin farautar ko suna ba da hayar bindiga, domin galibin irin waɗannan sansanoni suna ajiye .375 saboda baƙin da ba su zo da tasu ba. Ka tsallaka iyaka da fasfo da kuɗin lasisi kawai, ka dawo haka. Idan kuma kana son shigo da ƙaho ko fata, wannan ma yana da takardunsa, kada ka sa su cikin buhunan kaya.

Wani Mafarauci, Kaltungo

Ina tare da Barista a kan doka, amma ban gamsu da duk abin da Injiniya ya faɗa ba. Waɗanda sana'arsu ita ce raka baƙi farauta, me ya sa mafi yawansu .416 ko .458 ko .470 suke riƙewa? Ai don sun san ranar da ɓauna ta juyo ta nufo mutum, ba a neman harsashin da zai kashe ta bayan minti biyu, ana neman wanda zai durƙusar da ita nan take. Alhaji ba yaro ba ne, ya taso da bindiga a hannu. Idan sansanin yana da .416, ni ina ganin ya gwada ta, in jikinsa ya ɗauka ya riƙe ta. Raina ƙarfin bindiga a gaban ɓauna ba ƙaramin kasada ba ne.

Tsohon Ma'aikacin Gandu, Alkaleri

Ɗana na Kaltungo ya faɗi gaskiya rabi. Mai raka baƙo yana riƙe babbar bindiga ne saboda aikinsa daban yake: shi ba ya harbi sai abu ya ɓaci, a tazarar taku goma, kuma ya shekara yana harba wannan bindigar har ta zame masa hannu. Baƙo kuwa aikinsa harbin farko ne, a natse, bindiga a kan sandunan dogarawa, dabba ba ta san da shi ba. Idan harbin farko ya yi kyau, babu wanda zai buƙaci na biyu.

Na yi ƙuruciyata da tsufana a aikin gandun Yankari, tun yana hannun jiha, ya koma na tarayya a 1991, ya sake dawowa hannun Jihar Bauchi a 2006. Ba a farauta a Yankari, kuma ina fata kowa a nan ya riƙe wannan, amma mun sha bin sawun ɓaunar da ɓarayin daji suka raunata da bindigar toka suka gudu suka bari. Alhaji, wannan dabba lafiyayyarta ba ta cika neman mutum da faɗa ba, tana jin warinka za ta tattara garke ta bar wurin. Mai rauni ce abin tsoro. Takan shiga duhuwar da ke bakin kogin Gaji, inda ba ka ganin abin da ke gabanka, ta tsaya cik tana fuskantar hanyar da ta biyo, kuma idan ta taso ba ta da niyyar tsayawa. Wanda yakan biya bashin ba shi ne ya yi harbin ba, sai dai ma'aikaci ko mai neman itace ko makiyayi da ya ratsa wurin bayan kwana biyu.

Saboda haka ni abin da zan ce ka fi ba wa lokaci shi ne sanin jikin dabbar. Idan ta ba ka gefe, ka bi ƙafar gaba da ido ka hau sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasa. Nan ne saman zuciya da huhu suke. Sabon maharbi yakan harba sama da haka saboda tozon wuya da kaurin kafaɗa suna ruɗar ido. Idan ta ba ka baya, ko tana cikin garke wata na bayanta, ko reshe ya gitta tsakaninku, ka sauke bindiga ka jira, ko da kuwa ranar za ta wuce ba ka yi harbi ba. Bayan ka harba ka sake ɗurawa nan da nan ba tare da ka ɗauke ido daga kanta ba, kuma ko ta faɗi kada ka tunkare ta ta gaba. Ka bari mai rakiya ya ba da izini, a zagayo ta baya.

Kuma kada ka manta da bisimilla kafin ka ja kunama, in kun same ta da sauran rai a yanka ta. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa da yanka. Ni a wurina zaɓen bindiga da harsashi yana ƙarƙashin wannan ne, wato ka ɗauki abin da za ka iya kashewa da shi ba tare da ka azabtar ba.

Injiniya, Bauchi

Baba na Alkaleri, Allah ya ƙara lafiya, ka faɗi abin da ya fi lissafina amfani. Bari in koma kan ɗurin hannu, ba don Alhaji ya yi ba, tunda Barista ya rufe wannan ƙofa, sai don ya san abin da masu yi suke nema da kuma dalilin da ya sa rashinsa ba zai rage shi da komai ba.

Mai ɗurin hannu abu uku yake bi. Yana son ya zaɓi kan harsashin da ya ga dama, yana son ya daidaita awon albarushi da bindigarsa ta musamman, yana kuma son rage kuɗi saboda yana harbi da yawa a shekara. Na farkon shi ne ya fi ƙarfi a da, lokacin da kamfanoni ke ɗura kan harsashi mai laushi wanda ke tarwatsewa a ƙashin kafaɗa. Yau kuwa Federal da Norma da Hornady suna sayar da harsashin .375 da aka riga aka ɗura da kawuna masu inganci, irin Swift A-Frame da Barnes TSX da makamantansu, waɗanda ke buɗewa su yi faɗi amma su riƙe nauyinsu su ratsa ƙashi. Na biyun, wato ƙarin daidaito, yana da ma'ana ga mai harbin gasa, amma wurin da ake nema a ƙirjin ɓauna ya kai faɗin faifai, a tazarar da ba ta kai mita 100 ba, don haka bambancin santimita ɗaya ko biyu ba shi ne zai hana nasara ba. Na ukun bai shafi mutumin da zai harba kwali biyu ko uku a shekara ba.

Haɗarinsa kuma na gaske ne, musamman a yanayinmu. Albarushi yana ƙara matsi idan ya ɗumama. Ɗurin da aka gwada lafiya lau a sanyin Turai ko Amurka, idan aka kai shi Garwa a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya kuma wuni a cikin mota, yana iya kumbura kwanso ya maƙale a cikin bindiga, a daidai lokacin da ake buƙatar harbi na biyu. Turawan Ingila sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suka yi wa .416 Rigby ƙaton kwanso domin ya yi aiki da ƙaramin matsi a ƙasashe masu zafi. Shi kuwa .458 Winchester kwansonsa gajere ne, sai an danne albarushi a ciki kafin ya kai gudun da ake so, kuma a shekarunsa na farko an yi ta kuka da shi a Afirka cewa albarushin yana dunƙulewa harsashi ya fita ba ƙarfi. Wani Ba'amurke mai suna Jack Lott, bayan ɓauna ta ji masa rauni a Mozambik a 1959 yana riƙe da .458, shi ne ya tsawaita kwanson ya fito da .458 Lott a 1971. Albarushin zamani ya gyara yawancin wannan matsala, amma tarihin yana nuna cewa faɗin baki kaɗai ba ya ba da tabbaci.

Ga ɗan'uwana na Kaltungo, ban ƙi .416 ba ko kaɗan. Idan Alhaji ya harba ta sau da dama daga kan sanduna, harsasan suka taru wuri ɗaya, bai kuma fara runtse ido ba, to ya riƙe ta da albarka. Takardar saiti ce za ta yanke hukunci, ba ra'ayina ko na abokinsa ba.

Ɗan Kasuwa, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, Baba kuma Allah ya ƙara girma. Maganar ɗurin hannu na ajiye ta gaba ɗaya. Na yi magana da abokina, ya tabbatar mini sansanin yana da .375 guda biyu na haya da harsashin kamfani. Abin da ya rage mini shi ne, tunda ba ni da irinta a gida, ta yaya zan saba da ita kafin ranar? Kuma wane irin kan harsashi zan ce su ba ni, mai buɗewa ko daskararre wanda ba ya buɗewa?

Injiniya, Bauchi

Ka nemi su ƙara maka kwana ɗaya ko biyu a farkon tafiyar domin saiti kawai, ka kuma biya kuɗin harsashin da za ka ƙona a ranakun ba tare da ƙyashi ba. Kada ka harba da yawa a zama ɗaya, kaɗan da safe kaɗan da yamma ya fi, a tsaye a kan sanduna kamar yadda za ka yi a daji, da abin toshe kunne, domin ƙara tana sa tsoro fiye da shurin kansa. Kafin tafiya, mai baki biyunka ma za ta yi amfani: ka sassaƙa sanduna uku ka ɗaure, ka riƙa ɗora ta a kai ba harsashi a ciki, kana koyon tsayuwa da numfashi da matsa kunama a hankali.

Harsashin farko ya zama mai buɗewa, mai nauyin giram 19.4, daga cikin masu ingancin da na ambata, kuma shi ɗin ne zai yi maka gwanki. Daskararre yana iya ratsa ɓauna ya fita ya sami wata a bayanta, shi ya sa ba a fara harbi da shi a cikin garke. Wasu masu rakiya suna son a sa daskararru a ƙasa domin harbi na biyu da na uku idan dabba ta juya baya tana gudu, wasu kuma sun bar wannan tsari tun da kawuna masu buɗewa suka yi ƙarfi. Ka tambayi naka tun ranar farko, ka bi abin da ya ce, sannan ku gwada nau'ukan biyu a takarda ku tabbatar suna sauka wuri ɗaya a mita 50 da mita 100.